Hawayen Mai Bangaskiya

Masu iya magana sun ce mutuwa rigar kowa. Gaskiya ne, to amma ranar da aka sanya wa naka ita, sai ka ga kamar ba a taɓa ɗinka wa kowa irinta ba.

A damanar bara na je gaisuwar mutuwa a Maraɗi, gidan wani tsohon malamina na lakwal, kirista, dattijo a majami'arsu. Mai ɗakinsa ce ta rasu, bayan sun yi zaman aure na fiye da shekara 40. A ƙofar gida an kafa rumfa, musulmi da kirista suna zaune tabarma ɗaya, kowa ya iso sai ya durƙusa ya ce: “Ya haƙuri?” Daga cikin gida ana jiyo muryoyin matan zumunta suna waƙa a hankali. Tsohon yana amsa gaisuwa da murya daidai, ido a bushe, har mutane na ta yaba ƙarfin zuciyarsa. Sai bayan magariba, da jama'a ta rage, ya kama hannuna ya ce: “Ɗana, ni da na tsaya bakin kabarin mutane da dama ina faɗa wa iyalansu cewa akwai tashin matattu, ga shi dare ya yi ba na iya riƙe hawaye. Ashe bangaskiyar tawa a baki ta tsaya?” Na ce: “Baba, sai haƙuri.” Ban sami abin da ya wuce haka ba, kuma tun a hanya na san ban amsa masa ba.

Tambayar tsohon nan ita ce abin da nake so mu duba tare. Idan mutum ya gaskata cewa wanda ya rasu yana hannun Allah, kuma za a sake saduwa, me ya rage na kuka? Idan kuwa kukan ya ƙi tsayawa, shin wannan shaida ce cewa ta'aziyyar da addini ke bayarwa ruɗin kai ce kawai?

Ba shi ne farkon wanda ya yi wannan tambaya ba. Wani ɗan Afirka ya yi ta tun ƙarni 16 da suka wuce, wato Ogustin, wanda malaman falsafa suka sani sarai. An haife shi a shekarar 354 a Tagast, garin da ake kira Suk Aharas a Aljeriya ta yau, ya kuma rasu a 430 yana shugaban ikilisiyar Hippo, wato Annaba. A littafinsa mai suna Confessions ya ba da labarin mutuwa biyu da suka girgiza shi, kuma darasin yana cikin bambancin da ke tsakaninsu.

Ta farko ta same shi yana saurayi, yana koyarwa a garinsu, tun bai shiga ikilisiya ba. Zazzaɓi ya ɗauke masa amininsa na ƙuruciya. Garin ya yi masa baƙi, duk lungun da suka taɓa bi tare ya zame masa azaba, kuka ya zama abincinsa. Ba shi da wanda zai kai wa kukan, sai ya tattara kayansa ya gudu Kartaj, alhali kuwa abin da yake gudu yana cikin ƙirjinsa.

Ta biyu ta zo a shekarar 387, ƴan watanni bayan an yi masa baftisma a Milan. Suna Ostiya, tashar jiragen ruwan Roma, suna shirin komawa Afirka, sai mahaifiyarsa Monika ta kwanta ciwo, ta cika a rana ta 9 tana da shekara 56. Wannan mata ta riga ta tanadi kabari a Tagast kusa da na mijinta, amma da ajali ya matso sai ta saki wannan buri, ta yarda a binne ta a baƙuwar ƙasa, ta roƙi ƴaƴanta su riƙa tunawa da ita a gaban Allah. Ogustin ya rufe mata ido ya danne hawayensa. Ɗansa Adeyodatus ya fashe da kuka, aka tsawata masa ya yi shiru. A ganinsu, kururuwa ba ta dace da gawar mai bangaskiya ba. Aka yi jana'iza ido a bushe. Ya tafi gidan wanka ko zai ji sauƙi, ya fito kamar yadda ya shiga. Sai da ya yi barci ya farka shi kaɗai a kan shimfiɗarsa, sa'an nan ya saki hawayen a gaban Allah, ya kuwa sami hutu. Shekaru bayan haka, da ya zo rubuta labarin, bai ɓoye wannan kuka ba, sai ma ya roƙi duk wanda ya ɗauke shi zunubi da kada ya yi masa ba'a.

Mu lura da kyau. A mutuwar farko akwai hawaye, babu wanda za a kai wa su. A ta biyu akwai wanda za a kai wa su, amma kunya ta tare hanya, kuma muddin ta tare, sauƙi bai zo ba. Kuskuren Ogustin na yini guda shi ne kuskuren malamina: ya zaci aikin bangaskiya shi ne ta busar da ido.

Littafin da su biyun suka dogara da shi bai nemi haka ba. A Bisharar Yohanna, sura ta 11, an ba da labarin Li'azaru na Betanya wanda ya kwana 4 a kabari. Ƴan uwansa mata, Marta da Maryamu, sun tari Yesu da ƙorafin cewa ya makara, bai kuwa tsawata masu ba. Da ya ga suna kuka, shi ma hawaye suka zubo masa, ko da yake labarin ya nuna ya san abin da zai yi a bakin kabarin. Haka kuma manzo Bulus, da ya rubuta wa ikilisiyar Tasalonika game da matattunsu, abin da ya hana su shi ne baƙin cikin wanda ya yanke ƙauna. A wata wasiƙar tasa ma, maƙiyi ya kira mutuwa, kuma ba a yi wa maƙiyi kirari. Saboda haka mai bangaskiyar da ke kuka bai fita daga koyarwar addininsa ba. Ƴan uwa musulmi ma sun san cewa Annabi Muhammadu (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Busasshen idon da muke yabawa a wurin makoki, musamman ga namiji, daga al'ada muka gaje shi, irin wadda ke sa uwa ta haɗiye kukan ɗan farinta saboda kunya.

Sauran kashi na biyu na tambayar, wanda ya fi wuya. A shekarar 1927 Sigmund Freud ya wallafa littafi yana cewa addini ɗan buri ne: mutum ya ga ba shi da ƙarfi a gaban mutuwa, sai ya ƙaga wa kansa uba a sama. Wannan magana ba abin rainawa ba ce, domin kuwa kowa ya san zuciya na saurin gaskata abin da take so. Sai dai ƙishirwa ba ta tabbatar da cewa akwai rijiya a bayan tudu, ba ta kuma tabbatar da cewa babu. Cewa imani na sanyaya zuciya bai isa hujjar gaskiyarsa ba, bai isa hujjar ƙaryarsa ba. Abin da za mu iya aunawa shi ne halin ta'aziyyar kanta. Ta ƙarya takan nemi mutum ya musanta abin da ya faru, ta ce ba a yi hasara ba, ta ce a share ido a manta. Ita kuwa wadda Ogustin ya samu ta bar hasarar a matsayinta ta hasara. Addinin da ya ɗauki gicciye, itacen da ake kashe mutane a kai, ya mai da shi alamarsa, da wuya a zarge shi da kau da kai daga mutuwa.

Harshenmu ma yana da abin faɗa a nan. A bakin Bahaushe, bege shi ne kewar wanda ba ya kusa. A bakin kiristocin ƙasar Hausa kuwa, kalmar ta ɗauki ma'anar sa rai ga alkawarin Allah. Ina ganin ma'anonin biyu ba su saɓa ba, domin ba a begen abin da ke hannu. Wanda ya ce yana da begen sake ganin matarsa ya riga ya amsa cewa yau ba ta nan, gurbinta a tsakar gida a wofi yake. Kewa da sa rai ƴan ɗaki ɗaya ne, in ka kori ɗaya sai ɗayar ta bi ta.

Manomin Gobir ko na Damagaram ya san wannan ba tare da an karanta masa ba. Kafin ruwan fari yakan yi binne, ya ɗauki iri daga ɗan abin da ya rage a rumbu ya turbuɗe a busasshiyar ƙasa. Yana da dalilin sa rai, amma sa ran ba ya cika tukunya a daren nan, kuma ba wanda zai ce masa yunwar da yake ji rashin yarda ce da damana. Da irin wannan misali na iri da shuka manzo Bulus ya bayyana wa mutanen Koranti tashin matattu. Daga nan ake gane cewa haƙuri iri biyu ne. Akwai na danne zuciya don idon jama'a, wanda kan ci mutum a ɓoye kamar gara. Akwai kuma na mai jira, wanda ya san abin da ya rasa ya kuma san wanda ya damƙa wa amana. Na biyun nan ba ya tsoron hawaye.

Wannan yana da nauyi a kanmu mu masu zuwa gaisuwa, ko wane addini muke bi. Sau da yawa idan muka ce wa mai makoki ya daina kuka, kanmu muke nema wa sauƙi, domin hawayensa na tuna mana namu matattun da kuma namu ajalin. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Haƙƙin maƙwabci a kanmu shi ne mu zauna, mu saurara, mu bar shi ya ambaci sunan mamacinsa, mu kuma dawo bayan an naɗe tabarmi, lokacin da gida ya yi tsit kuma kewa ta fara aikinta na gaske. Malamai musamman su kula da yaron da ya komo aji bayan rasuwar uwa ko uba, kada su yabe shi don bai yi kuka ba.

Bayan wata 2 na koma wurin malamina, na ba shi labarin Ogustin da Monika. Ya saurara har ƙarshe, ya yi ɗan murmushi, ya ce: “Ɗana, kai ma ka makara, na riga na kai ƙarata inda ya kai tasa. Kukan bai tsaya ba, sai dai yanzu na daina jin kunyarsa.” Muka zauna shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya fara ba ni labarin ranar da ya fara ganinta a bakin rijiya.

Allah shi sanyaya zuciyar duk wanda ya rasa nasa, shi ba mu ikon zama da shi har ya gama kukansa.