Jikka biyu da sabulu uku

Yau tambaya na kawo maka. Ba tawa ba ce, wani ɗalibina ne ya ɗora mini ita.

A watan Disamba na 2020 ne. An yi zaɓen kansiloli ranar 13, ana jiran na shugaban ƙasa da na ƴan majalisa ranar 27. Mutum 30 ke neman kujerar shugaba. Motoci na ta shiga ƙauyukan Cadakori da kiɗa da ƙura. Da muka tashi daga karatu, wani dattijo ya tsaya. Kirista ne. Mahaifinshi ya koyi karatu wajen ƴan mishan na Tsibiri. Ya ce: "Malam, an ba ni jikka biyu da sabulu uku, aka ce in rantse zan dangwala wa mutuminsu. Na rantse. Amma zuciyata ba ta wurinshi. In na zaɓi wani, na yi ƙarya. In na zaɓe shi, na sayar da kaina. Wanne ya fi zunubi?"

Na ce: "Baba, bari in kwana da maganar."

Mu fara da kuɗin. Mai ƙoshi yana saurin cewa kada a karɓa. Amma wanda bai taɓa leƙa rumbu bayan kaka ba, ya ƙirga dammuna ya ga ba za su kai shi shuka ba, to ya yi hankali da bakinshi. Jikka biyu hatsi ne. Maganin zazzaɓin yaro ne. Babban laifi yana kan wanda ya san da yunwarka shekara biyar, bai zo ba sai da ya ga tana da amfani gare shi.

Inda dattijo ya yi tuntuɓe, rantsuwa ce. Ka tuna labarin Isuwa a littafin Farawa, sura 25. Ya dawo daga daji da yunwa, ya ba da gadonshi na ɗan fari don kwanon abinci. Ka lura, cin abincin bai ƙulla cinikin ba, rantsuwa ce ta ƙulla shi. Yesu Almasihu kuwa ya hana masu bin shi rantsuwa ɗungum, a Matiyu sura 5. Mai neman ƙuri'a ya san ba zai bi ka bayan labule ba, ba zai ga inda ka sa yatsa ba. Shi ya sa yake aika tsoron Allah ya bi ka a madadinshi.

To, tun da an riga an rantse fa? A nan na daɗe ina juyi a kan tabarma. Sai na tuna sarki Hirudus. Ya rantse wa yarinya mai rawa zai ba ta duk abin da ta roƙa. Ta roƙi kan Yahaya Mai Baftisma. Don kunyar baƙinshi ya cika rantsuwa, aka yanka bawan Allah. Da ya karya ta, da laifinshi ɗaya ne. Ya cika ta, suka zama biyu.

Kuma ƙuri'a ba taka ce kai kaɗai ba. Rijiya da lakwal da likita suna cikinta. Maƙwabcinka Musulmi a rijiyar nan yake sha. Ka ba da abin da kuka haɗa, ba ka tambaye shi ba. Kada ka ce Kirista kaɗan ne a Nijar. Gaskiya ne, ƙidayar 2012 ta nuna ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Amma akwati bai san mai salla ba, bai san mai zuwa majami'a ba.

Yanzu motocin sun daina zuwa. Sojoji sun karɓi mulki ranar 26 ga Yuli 2023, an rusa jam'iyyu a 2025. Amma muna nan muna zaɓen masu riƙe kuɗin rijiya, da na bankin hatsi, da dattawan ikilisiya. Goro da sukari suna yawo a can ma, ka sani, na sani.

Washegari na gaya wa dattijo abin da na gani: ya roƙi gafarar rantsuwa, ya mayar da abin da zai iya, ya zaɓi wanda ya yarda da shi. Ya yi shiru. Kuɗin an riga an auno hatsi da su. Sabulu ɗaya ya shiga wanki. Biyun da suka rage ya ɗaure su a leda, ya kai wa yaron da ya kawo su.