Sauke Kayan da Allah Bai Ɗora Maka Ba

Karatun yau: Fitowa 18:13-26, Markus 1:29-39
Ayar haddacewa: Zabura 90:12



Ka tuna ranar 1 ga Disamba 2021? A ranar ce gwamnatin Jihar Kaduna ta fara tsarin aikin kwana huɗu a mako. Ma'aikata da yawa suka koma zuwa ofis daga Litinin zuwa Alhamis, ranar Juma'a kuwa suna gida. Cikin dalilan da gwamnati ta bayar har da samun hutu, da zama da iyali, da noma. Mutane da yawa a cikinmu sun yi murna, suna cewa yanzu kam za a numfasa. To, ka tambayi ɗan'uwan da ke zaune kusa da kai a majami'a, ina Juma'ar nan ta shiga? Ba a daɗe ba ta cika da taron unguwa, da bin bashi, da gyaran mota, da biki, da waya. An ƙara mana yini guda, gajiyar kuwa tana nan inda take.

Ashe matsalarmu ba ƙarancin lokaci ba ce kaɗai. Allah ya ba kowa awa 168 a mako: mai shago a Kasuwar Gumi, da direban da ke lodi a tashar Kawo, da malamar makaranta a Unguwar Rimi, da fasto. Abin da ke karya mu shi ne kayan da muka ɗora wa kanmu, wanda Ubangiji bai aike mu ɗauka ba.

Dubi Musa, bawan Allah. A karatunmu na yau yana zaune tun safe har yamma yana yi wa jama'a shari'a, mutane na tsaye kewaye da shi. Ba zunubi yake yi ba, aikin Allah yake yi. Duk da haka surukinsa Yetro, firist na Madayana, ya duba ya gaya masa gaskiya: wannan tsari bai yi ba, zai gajiyar da Musa, ya gajiyar da jama'ar kuma. Ya ba shi shawara ya zaɓi amintattu masu tsoron Allah, ya naɗa su a kan mutum dubu, da ɗari, da hamsin, da goma, su ji ƙananan ƙararraki, manyan su zo wurinsa. Mutumin da ya miƙa sandarsa teku ta rabu, ya ji maganar surukinsa ya bi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko da hannun annabi ne.

Dubi kuma Ubangijinmu Yesu a Kafarnahum. Ya yi koyarwa a majami'a ran Asabar, ya warkar da surukar Bitrus daga zazzaɓi, da rana ta faɗi garin duka ya taru a bakin ƙofa. Da asuba, tun gari bai waye ba, ya fita zuwa wurin da ba kowa ya yi addu'a. Su Bitrus suka bi sawunsa suka shaida masa cewa kowa na nemansa. Bai koma ba. Ya nufi garuruwan da ke gaba, domin ya san abin da ya fito yi. Ka lura da kyau: mutane na nemansa a Kafarnahum, amma ya wuce. A wurin addu'a ya karɓi tsarin yininsa, shi ya sa kiran jama'a bai juya shi ba. Mu kuwa da buɗe ido sai waya, saƙon WhatsApp na farko shi zai faɗa mana inda za mu nufa.

Bari in ba ka shaida a kaina, ko da yake ba ta daɗin faɗi ba ce. Akwai wani ƙarshen mako da na karɓi gayyatar wa'azi uku: addu'ar dare ran Juma'a, taron farkawa ran Asabar a hayin kogi, da sujada ran Lahadi da safe. Ina ganin ƙin zuwa kamar ƙin Allah ne. Ran Lahadi na tsaya a bagadi kaina na sarawa, na yi wa'azin da ban shirya ba. Da na koma gida, ƙaramar 'yata ta tambayi mahaifiyarta ko baba zai kwana a gida yau. A makon nan aka auna jinina aka tarar ya hau. Da na durƙusa gaban Ubangiji sai Ruhu Mai Tsarki ya nuna mini cewa biyu daga cikin gayyatun nan ba shi ya aike ni ba. Tsoron kada a ce na yi girman kai ne ya aike ni.

Kada ka ɗauki maganar nan da wasa. A watan Mayu 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da bincike da ya nuna cewa a shekarar 2016 mutum 745,000 suka mutu sakamakon shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu alaƙa da dogon aiki. Wanda yake aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki a gare shi ya fi na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari. Mun gaskata Allah yana warkarwa, mun kuma gani da idonmu, Haleluya! Amma jikinka haikalin Ruhu Mai Tsarki ne (1 Korantiyawa 6:19). Kada ka rushe haikalin da hannunka, sa'an nan ka ce magabci ne. Akwai ciwon kan da maganinsa addu'a ce, akwai kuma wanda amsar addu'arsa ita ce ka kashe waya ka kwanta.

To, me za ka yi a wannan mako?

Na ɗaya, ka ba Allah farkon yininka. Da sanyin safiya ake kama fara. Ko minti 20 ne, ka buɗe Littafi Mai Tsarki kafin ka buɗe waya, ka tambayi Ubangiji abin da ya sa a gabanka yau.

Na biyu, kowane dare ka rubuta abu uku da za ka yi gobe, mafi muhimmanci a sama. Abin da aka rubuta a takarda ba ya hana barci kamar wanda ake juyawa a ka.

Na uku, ka koyi cewa a'a cikin ladabi. Taura biyu ba ta taunuwa. In kana ƙungiyar mawaƙa, kana kwamitin gini, kana koyar da yara ran Lahadi, kana kuma ma'ajin zumunta, ka je wurin fasto ku zauna ku duba wanne Allah ya kira ka a kai. Wataƙila kujerar da ka riƙe ita ce wani matashi ke jira domin baiwarsa ta fito.

Na huɗu, ka raba aiki a gida. 'Yar'uwata, ke da kike tashi ƙarfe huɗu ki kwanta sha ɗaya, yaran da suka iya latsa waya sun iya wanke kwano. Maigida, taimakon matarka ba ya rage maka girma.

Na biyar, ka kiyaye alkawarin lokaci. Jirgin ƙasa na Rigasa zuwa Abuja, wanda aka buɗe a Yuli 2016, ya koya wa mutanen Kaduna sammako, domin ba ya tsayawa jiran wanda ya makara. In muna iya isa tasha da wuri saboda tikiti, za mu iya isa sujada da wurin aiki da wuri. Ka ƙara minti 15 a kan lissafinka saboda cunkoson hanya, za ka iso da hankalinka a kwance.

Na shida, ka keɓe lokacin hutu kamar yadda kake keɓe zakka. Allah da kansa ya huta a rana ta bakwai, Yesu ma ya janye almajiransa gefe su huta sa'ad da ko zarafin cin abinci ba su samu ba (Markus 6:31).

A ranar ƙarshe Ubangiji zai tambaye ka aikin da ya ba ka, ba aikin da mutane suka jibga maka ba.

Addu'a: Ya Uba, ka koya mini ƙidaya kwanakina. Ka nuna mini kayan da ba kai ka ɗora mini ba, ka ba ni ƙarfin hali in sauke su. Kowane ruhun gaggawa, da tsoron mutum, da damuwa mai hana barci, na tsawata maka cikin sunan Yesu. Ka albarkaci aikin hannuna, ka ba gidana salama. Cikin sunan Yesu Almasihu na roƙa. Amin.