Agwagin Yargalma da Iyakar da ke Tsakanin Camfi da Lura

Addinin da ya umurci mutum ya dubi sama da ƙasa da halittun da ke tsakaninsu domin ya wa'aztu, shi ne kuma ya haramta taɗayyuri, wato ɗaukar tashin tsuntsu ko kukansa a matsayin ishara ta sa'a ko ta tsiya. Larabawan jahiliyya sukan kori tsuntsu idan za su yi tafiya, in ya yi dama su kama hanya, in ya yi hagu su koma gida, kuma a ƙasar Hausa har gobe akwai wanda gabansa ke faɗuwa idan mujiya ta yi kuka a kan katangarsa. Amma manomin da ya ga shamuwa ta dawo tana jidar kirare zuwa kan tsamiya, ya tashi ya yi sharar gona ya tanadi iri, babu malamin da ya taɓa tuhumarsa da taɓa imaninsa. Tun da dukansu biyun tsuntsu suka duba suka yanke hukunci, wajibi ne a san abin da ya raba su.

Malaman tauhidi sun daɗe da ajiye ma'auni. A cikin sharhin Ummul Barahin ta Shehu Muhammadu Sanusi na Tilimsana, wanda ya rasu a 1490, littafin da almajiran zaure ke karantawa a ƙasar Hausa, an kasa hukunci gida uku: na shari'a, na hankali, da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne tabbatar da alaƙa tsakanin abu biyu saboda an ga suna maimaituwa tare, kamar wuta da ƙuna, tare da ƙudurcewa cewa Allah ne ke halittar sakamakon, kuma yana da ikon saɓa wa abin da aka saba. Da wannan ma'auni, dawowar shamuwa da saukar damina suna da igiyar da ta ɗaure su, domin tsuntsuwar tana bin ruwa ne da farin da ke biyo bayansa, shekara da shekaru, alhali kukan mujiya ba shi da wata hanya da za a bi daga gare shi a isa ga mutuwar mai gida.

Abin da ya faru a yammacin Zamfara a 2010 ya nuna cewa wannan ba gardamar zaure kaɗai ba ce. Tashin farashin zinariya ya sa mutanen Yargalma ta Bukkuyum, da na Dareta da Abare da Bagega ta Anka, suka riƙa kwaso duwatsu daga ramukan haƙa suna kawo su cikin gari, ana farfasawa, ana niƙawa da inji irin na niƙan hatsi, ana wankewa, ana shanyawa a tsakar gida inda mata ke girki yara ke rarrafe. Duwatsun suna ɗauke da dalma mai yawa, ita kuwa ƙurarta ba ta wari, ba ta da wani launi da zai bambanta ta da ƙurar gari. Daga baya mazauna yankin suka shaida wa masu bincike cewa sun lura agwagi sun ragu tun kafin yara su fara mutuwa, sai dai ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Dalilin a fili yake ga wanda ya san ɗabi'ar agwagwa: tana cusa baki cikin laka da kududdufi, tana haɗiye tsakuwa domin ƙundunta ya niƙa abinci, saboda haka gubar da ta kwanta a ƙasa ita take fara kamawa. Bayanta sai yaro ƙarami, wanda hannunsa ba ya rabuwa da ƙasa da baki, hanjinsa kuma ya fi na babba tsotsar dalma.

A watan Maris na shekarar ne jami'an ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka ci karo da yara masu jijjiga da suma da maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi musu komai ba. Binciken da aka yi a ƙauyuka biyu da abin ya fi tsanani ya gano cewa yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda, kuma an ƙiyasta waɗanda suka rasu a yankin baki ɗaya da kimanin 400. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aka kuma ba yara maganin da ke janye dalma daga jini a Anka da Bukkuyum, sannan mace-macen suka lafa.

Da wani dattijo ya miƙe a lokacin ya ce mutuwar agwagi gargaɗi ce, da wataƙila an ce masa ya daina camfi, alhali maganarsa irin ta mai duban shamuwa ce. Masu haƙar kwal a Ingila sun gina aikinsu a kan irin wannan lura, inda suke shiga rami da kanari a keji don ya riga su jin iskar guba, ba su daina ba sai a 1986. Duk da haka, adalci bai yarda a ɗora wa mutanen Yargalma laifi ba, domin hukuncin al'ada maimaituwa yake buƙata, su kuwa ba su gaji labarin irin wannan annoba daga kakanninsu ba. Ajali gaskiya ne, kuma iyayen da suka yi haƙuri suka ce kwana ne ya ƙare ba su faɗi ƙarya ba.

Sai dai uzurin rashin sani ba ya daɗewa. Bagega ba ta samu aikin tsaftacewa ba sai a 2013, kuma a 2015 gubar ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, inda yara 28 suka rasu. Alaƙar ta maimaitu, ta zama sananniyar al'ada kamar wuta da ƙuna. Saboda haka duk wanda ya shigo da dutsen haƙa cikin gida a yau, da duk mai iko da ya ji dabbobin gari suna faɗuwa bai aika a auna ƙasa ba, sakaci ya yi, kuma ambaton ƙaddara ba zai sauke masa alhaki ba.