Wanda Numfashi Ya Cinye Wa Hankali, Wane Uzuri Za Mu Yi Masa?



Baligi mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, wato fiye da sau 17,000 a kwana guda, ba tare da ya ƙirga ko ɗaya ba. Wani sashe ne a gindin ƙwaƙwalwa, daidai inda ta haɗu da lakar baya, yake tafiyar da aikin, ko muna farke ko muna barci. Amma da zarar mutum ya ce shi zai karɓi aikin da kansa, sai saman ƙwaƙwalwa, inda ake tunani da lissafi, ya shigo ciki.

'Yar uwa, gwada ki gani. Ja numfashi a hankali, ki riƙe, ki sake, ki kuma lissafa kuɗin cefane a lokacin. Ko dai lissafin ya rikice, ko numfashin ya kuɓuce ya koma yadda ya saba. Taura biyu ba ta taunuwa.

Wannan yana da amfaninsa. Idan fushi ya taso, kika mai da hankali kan numfashi, to kin rage wa fushin itace. Shi ya sa ma ungozoma ke cewa mai naƙuda ta ja numfashi a hankali.

To amma fa akwai waɗanda ba su suka zaɓa ba. Idan hunturu ya shigo Zariya, ƙura ta turnuƙe tun daga Samaru har Kwangila, mai ciwon asma da lissafi take shaƙar iska. Haka tsohuwar da hayaƙin murhu ya cinye wa ƙirji. Sai ki ga mai sayar da kayan miya a kasuwar Sabon Gari ta ɓata canji, a ce ha'inci ne. Yarinya ta kasa bin darasi, a ce daƙiƙiya ce. Suruka ta yi shiru, a ce gaba take yi. Alhali rabin hankalinsu yana ƙirji.

Wata za ta ce, to sai kowa ya fake da ciwo ke nan? A'a, uzuri ba ya share haƙƙi, canjin da aka ɓata dole a mayar. Abin da ba mu da ikonsa shi ne yanke hukunci kan niyyar mutum alhali mu iska kyauta take shigar mana.

Kafin ki daka wa ɗiyarki tsawa, saurari ƙirjinta tukuna. In kin ji yana fito, asibiti za ki kai ta, a ajiye bulala.

Allah ya ƙara mana lafiya, amin.