Bashin 'Yan Mazan Jiya, Wa Ke Biyansa?

A Amurka, mai neman aiki a gidan waya yakan yi jarrabawa, a jera sunayen waɗanda suka ci bisa ga yawan makinsu. Amma akwai dokar da aka kafa a 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wadda ta fifita 'yan mazan jiya. Tsohon soja wanda ya yi aiki a lokacin yaƙi ana ƙara masa maki 5, wanda ya naƙasa a bakin aiki kuwa maki 10. Har akwai ayyuka, irin su shara da gadi, waɗanda ba a ba kowa muddin akwai tsohon soja mai nema.

A ce mutum biyu sun nemi aikin raba wasiƙu. Ɗaya ya sami 88, tsohon soja ya sami 85, aka ƙara masa 5, ya wuce gaba. An yi adalci ke nan?

Lalle ƙasa tana da bashi a wuyanta. Kafin 1973 tilas ake ɗaukar samarin Amurka aikin soja. Saurayi yana daji da bindiga, tsaransa suna gida suna koyon sana'a, suna samun ƙarin girma. Sa'ad da ya komo, wataƙila da ƙafa ɗaya, sai ya tarar an yi masa nisa. In aka ce su tashi tsere daga wuri ɗaya, an cuce shi sau biyu.

Amma fa a duba wanda ke biyan bashin. Fanshon soja daga haraji yake fitowa, watau kowa ya sa hannu. Fifiko wajen ɗaukar aiki kuwa a kan mutum ɗaya yake faɗuwa, wato mai maki 88 ɗin nan, wanda shi ma yana da iyali, kuma ba shi ya aika kowa yaƙi ba. Galibi ma talaka ne, gama ɗan mai kuɗi ba ya neman aikin shara a gidan waya.

Jihar Masacusets ta wuce haka, ta sa kowane tsohon soja da ya ci jarrabawa a gaban dukan sauran. Wata ma'aikaciya, Helen Feeney, wadda ta sha cin jarrabawa da maki mai yawa ana tsallake ta, ta kai ƙara, domin kusan dukan tsofaffin sojojin maza ne. A 1979 Kotun Ƙoli ta ce dokar ta tsaya, gama ba da nufin ƙuntata wa mata aka yi ta ba. Kotu niyya ta auna, amma matar ba ta sami aikin ba.

Tsarin ƙarin maki ya fi wannan sauƙin karewa. Sai tsohon soja ya ci jarrabawa da kansa kafin a ƙara masa kome, saboda haka ba a danƙa wasiƙun jama'a ga wanda bai iya ba. Mai maki 95 kuma har yanzu yana gaban mai 85 da aka ƙara wa 5.