Ma'aunin Walwala a Wasan RimWorld

A wasan kwamfutar nan RimWorld, wanda Tynan Sylvester ya ƙirƙira aka kammala shi a 2018, kumbon wasu mutane ne yake tarwatsewa su faɗo wata duniya. Mai wasa shi ke raba musu aiki: wannan noma, wancan gini, wata kuma girki. Kowannensu na da ma'aunin walwala, daga sifili zuwa ɗari.

Abin lura shi ne yadda ma'aunin ke sauka. Ba sai an yi mutuwa ko gobara ba. Mutum ya ci abinci babu tebur, a zaftare masa maki 3. Ya kwana a ƙasa, a rage. Rigarsa ta yage, ɗakinsa ya yi ƙazanta, wani ya gaya masa baƙar magana, duk ana lissafawa. In ma'aunin ya yi ƙasa da 35, mutumin zai iya ajiye aiki ya shiga yawo ba alƙibla, ko ya kulle kansa a ɗaki, ko ya afka wa rumbun abinci. In ma'aunin ya kusa ƙarewa, har duka mutumin yake kai wa abokan zamansa.

Sabon ɗan wasa yakan cika jadawalin yini da aiki, ya share lokacin hutu, yana ganin ya yi dabara. Gona ta yi kyau na ɗan lokaci, sannan ranar girbi manomin ya birkice. Hutun ma ba a yi masa rowa: in darar Turawa kaɗai aka ajiye musu, tana gundurarsu, sai an ƙara da wani abin.

A wasan, da ka danna mutum za ka ga jerin abubuwan da ke cin ransa, kowanne da makinsa. Allah bai rataya wa ɗan Adam irin wannan allo a goshi ba. Shi ya sa ranar da yaron shago ya ajiye makulli ya fice, sai a ce daga magana ɗaya ya yi fushi. Ba a tuna abincin ranar da yake ci a tsaye yana sallamar masu saye, da hutun Juma'ar da ba a ba shi, da albashin da ake ce masa "sai gobe". Maganar ƙarshen ce kawai aka ji.

Mai yaran aiki, tunda ba ka da inda za ka danna, ka zaunar da su ka tambaya, kuma ka sa musu lokacin hutu wanda kai ma ba za ka taɓa shi ba.