Ruwan da Ya Inganta Alwala, Shin Ya Inganta ga Sha?

Duk yaron da ya zauna gaban malami a zaurukan Likoro, ko na Hunƙuyi da Maƙarfi, ya sauke Ahalari ya buɗe Ishmawi, ba zai yi nisa ba sai an biya masa hukuncin ruwa, cewa matuƙar launinsa bai jirkita ba, ɗanɗanonsa bai sauya ba, kuma bai yi wani wari ba, to, mai tsarki ne mai tsarkakewa, a yi alwala da shi, a yi wankan janaba. Wannan hukunci tabbatacce ne. Amma akwai wata fahimta da ta raɓe shi ta shiga zukatan jama'a ba da izinin malamai ba, watau zaton cewa duk ruwan da shari'a ta yarda a fuskanci alƙibla da shi, lalle babu cutarwa a cikinsa idan an sha. Wannan zato ya kai mutane da yawa kushewa.

Tun da cutar amai da gudawa, wadda likitoci ke kira kwalara, ta ɓulla kusa da Ikko a ƙarshen 1970, ba ta daina kewayo mana ba. A 1991 ta kashe mutum fiye da 7,600 a Nijeriya. A 2021 an lissafta sama da 111,000 da ake zaton sun kamu, 3,604 suka riga mu gidan gaskiya, fiye da rabin masu cutar kuwa daga Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara suke, wato jihohin da ba su da nisa da ƙasar Zazzau. Ƙwayar wannan cuta ba ta da launi, balle ɗanɗano ko wari, kuma galibin waɗanda ta shiga cikinsu ba sa ko kwanciya, suna yawonsu suna zubar da ita a bayan gida har kwanaki. Idan damina ta sauka, ruwa ya kwaso ƙazantar masai da ta bayan gari ya zuba a rijiyar da ba ta da baki, sai guga ya fito da ruwa garau, wanda babu fakihin da zai ɓata alwalar da aka yi da shi, alhali ajalin gida guda na ciki.

An ga haka a London a 1854, lokacin da annobar ta kashe mutum wajen 600 a unguwa ɗaya, har likita John Snow ya bi gidajen mamatan ya gano famfon titin Broad suke sha, ya sa aka cire hannunsa. Ruwan famfon nan ya shahara da daɗi, har wata tsohuwa da ke zaune nesa da unguwar takan aika a ɗebo mata saboda ɗanɗanonsa, shi ne kuwa ya zama sanadinta.

A ganina babu saɓani tsakanin littafi da likita, domin tambaya biyu ce daban. Babin ɗahara yana amsa wa mai salla ne, kuma an gina shi a kan sauƙi, don kada a kallafa wa bawa binciken abin da idonsa ba ya gani kafin ya gana da Ubangijinsa. Sha da ciyar da iyali kuwa suna ƙarƙashin wani asali, shi ne kiyaye rai, ɗaya daga larurori biyar da malaman usulu suka ce shari'a ta zo domin tsare su. Magabata ma ba su gafala ba: mai Risala ya tafi a kan cewa najasa kaɗan tana ɓata ruwa kaɗan ko da bai sauya ba, kuma ya inganta cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana bawali a ruwan da ba ya gudu, ya hana bayan gida a kan hanya da inuwar mutane, ya yi umarni a rufe ƙwarya a ɗaure bakin salka, yana mai ambaton annoba. Wanda zai ce ai cuta ƙaddara ce, sai ya tuna Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham a zamanin annobar Amwas, bai kuwa fita daga tawakkali ba.

Inda muka fi sakaci shi ne hannu. Mutum ya fito kewaye ya yi istinja'i, tsarkinsa ya cika a shari'a, amma hannun nan da bai ga sabulu ko toka ba shi zai kama moɗa ya tsoma a randa, shi zai shiga kwanon tuwo tare da hannuwa biyar, bayan duk an wanke su a ruwa ɗaya wanda na ƙarshe ya gaji dauɗar na farko. Batun ruwan sha kuwa, alif da ake jefa wa ruwan rafi laka yake kwantarwa. Tafasawa ce ke kashe ƙwayar, ko sinadarin kilorin gwargwadon yadda ma'aikatan lafiya suka auna, a bar shi rabin sa'a kafin a sha. Haka kuma a yi hattara da tabarma da tufafin majinyaci, da gawar wanda cutar ta ɗauka, domin mai wanka yakan koma gida da abin da ya kashe mamacin. Ban manta ba cewa itacen tafasa ruwa kuɗi ne ga manomin rake, kuma haƙa rijiyar burtsatse hakki ne a wuyan hukuma wanda za a tambaye ta. Sai dai toka ba a sayenta.

Saboda haka ina roƙon limamai da malaman zaure na Likoro da kewaye, waɗanda ake jin maganarsu fiye da ta kowane duba-gari, idan sun zo babin ruwa su ƙara wa ɗalibai wannan bayani, su maimaita shi a huɗuba kafin faɗuwar damina, su kuma sa a ajiye sabulu kusa da butocin masallaci.